Bayan sallama daga karayar arziki a Kanada: wa ke da rarar haraji, kuma yaushe ake komawa cin bashi?

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu, lokacin da mazauna Kanada ke cike takardun harajinsu na shekara, akwai wata tambaya da nakan ji daga bakin 'yan'uwanmu da suka taɓa bayyana karayar arziki a hukumance, kuma galibi da ɓacin rai ake yin ta. Mutum ya karɓi takardar sallama, an tabbatar masa cewa an sauke masa basussukan da ke kansa, ya cike takardar haraji, hukumar tara haraji ta CRA ta aiko masa da sanarwar cewa akwai rarar da za a mayar masa, sai ya yi ta duba asusunsa na banki bai ga komai ba. Da ya buga waya ya tambaya, sai a ce masa an tura kuɗin ga wakilin da ya kula da lamarinsa. A nan ne zai ce an cuce shi, domin a ganinsa ranar sallama ita ce ranar da komai ya ƙare. Ba a cuce shi ba, amma ina ganin sau da yawa ba a yi masa bayanin da ya kamata tun farko ba, ko kuma an yi bayanin a ranar da hankalinsa ba ya jikinsa.

A Kanada dokar tarayya ce ke tafiyar da karayar arziki, kuma ba a shiga cikinta sai ta hannun wakili mai lasisi, wanda ofishin babban mai sa ido kan karayar arziki yake ba izinin aiki. Daga ranar da aka shigar da takardu, dukiyar mutum, ban da abin da doka ta keɓe masa, tana komawa hannun wannan wakili domin a raba wa masu bin bashi. Wanda ya shiga karo na farko, idan abin da yake samu bai wuce ma'aunin da hukuma ke fitarwa kowace shekara ba, kuma ya halarci zaman nasiha guda biyu da aka wajabta, ya kuma miƙa bayanin samunsa na wata-wata, ana sallamarsa bayan wata 9 ba tare da ya je kotu ba. Idan samunsa ya haura ma'aunin da dala 200 ko fiye a wata, zai riƙa biyan rabin abin da ya haura, kuma wa'adin ya zama wata 21. Wanda ya shiga karo na biyu kuwa, wata 24 ne ko 36.

Abin da ya kamata a riƙe game da rarar haraji shi ne cewa shekarar da kuɗin suka fito daga cikinta ake dubawa, ba ranar da aka biya su ba, ba kuma ranar sallama ba. Sashe na 67 na dokar ya ambaci wannan da sunansa: duk rarar harajin shiga da ta shafi shekarar da mutum ya bayyana karayar arziki tana cikin dukiyar da ake raba wa masu bin bashi. Haka nan rarar shekarun baya da bai riga ya karɓa ba. Saboda haka ne ake raba shekarar gida biyu, a cike mata takardun haraji biyu maimakon ɗaya. Ta farko tana ɗaukar 1 ga Janairu zuwa jajibirin ranar da aka shigar da takardu, kuma wakili ne ke da alhakin ganin an cike ta. Ta biyu tana ɗaukar ranar da aka shigar da takardu zuwa 31 ga Disamba. Rarar da ta fito daga kowacce cikinsu, wakili ake tura wa.

A ce wani direban babbar mota a Winnipeg ya shigar da takardunsa a tsakiyar Yunin 2023, ya cika duk sharuɗɗa, aka sallame shi a tsakiyar Maris ɗin 2024. A cikin wannan watan ne kuma takardar T4 da kamfaninsa ya ba shi take kan teburinsa, tana nuna albashin 2023 gaba ɗaya da harajin da aka riƙa cirewa, har da na watannin Oktoba da Nuwamba da Disamba da ya yi yana tuƙi cikin ƙanƙara bayan ya riga ya miƙa wa wakili katunan bashinsa. Duk rarar da za ta fito daga wannan takarda ba tasa ba ce, ko da kuwa CRA ba ta biya ba sai a watan Mayu, wata biyu bayan sallamarsa. Rarar farko da zai riƙe a hannunsa ita ce ta shekarar 2024, wadda zai nema a farkon 2025. Na san yadda wannan yake da zafi ga mai iyali da ya saba dogaro da kuɗin nan domin biyan hayar gida ko aika wa iyaye na azumi da salla, amma haka dokar take, kuma gara a san da ita a tsara kashe kuɗin shekarar ba tare da sa rai ba.

Akwai wani ɓangare na wannan rabon da ya fi rarar kanta haɗari, kuma ba kasafai ake maganarsa ba. Idan takardar harajin farko ta nuna cewa CRA ce ke bin mutum, wannan bashin yana shiga cikin karayar arzikin, a sauke shi tare da sauran. Amma idan takarda ta biyu ce ta nuna ana bin sa, to wannan sabon bashi ne da ya hau kansa bayan ya shiga, kuma sallama ba ta shafe shi. Wato idan rara ta fito a tafi da ita, idan giɓi ya fito shi zai cike. Masu albashi da ake cire wa haraji tun daga tushe ba su cika faɗawa wannan ramin ba. Waɗanda ke faɗawa su ne masu aikin kansu, irin masu ɗaukar fasinja ko kai abinci da motarsu, da masu aski da kitso, da kuma masu haɗa aiki biyu inda kowane ma'aikaci yake cire haraji kamar shi kaɗai ne ke biyan albashi. Mutum irin wannan yakan fito daga karayar arziki da sabon bashin haraji a wuyansa tun bai yi wata ɗaya da sallama ba. Maganin abin shi ne a fara ware kason haraji daga kowane kuɗin da ya shigo tun daga ranar da aka shigar da takardu, a ajiye shi a gefe kada a taɓa. Mai aikin kansa yana da har 15 ga Yuni ya miƙa takarda, amma abin da ake bin sa ranar 30 ga Afrilu ake son ya biya, kuma daga nan kuɗin ruwa ke fara hawa.

Daga wannan ƙa'idar ta shekara ne ake gane cewa watan da aka shiga yana da tasiri. Wanda ya shigar da takardunsa a ƙarshen Disamba ya rasa rarar wannan shekarar da ke ƙarewa, sabuwar shekara kuma ta shigo masa daban. Wanda ya jinkirta zuwa Janairu kuwa ya rasa rarar shekarar da ta wuce, tunda bai karɓe ta ba tukuna, sannan ya rasa ta sabuwar shekarar gaba ɗayanta. Ban faɗi wannan domin wani ya yi gaggawar shiga abin da bai shirya masa ba, sai domin ya zama cikin tambayoyin da za a yi wa wakili a zaman farko, wanda galibi kyauta ne. Wanda wa'adinsa ya kai wata 21 shi ma ya sani cewa rarar shekarar da ke biye, idan ta zo yana nan ba a sallame shi ba, ana iya lissafa ta cikin samunsa wajen ƙididdige abin da zai biya.

Ba duk kuɗin da ke fitowa daga CRA ne ke bin wannan hanyar ba. Tallafin yara da gwamnatin tarayya ke biya kowane wata doka ta kare shi daga karayar arziki, yana ci gaba da zuwa ga iyaye, amma sai an ci gaba da cike takardar haraji kowace shekara, miji da mata duka, in ba haka ba a dakatar da shi. Rangwamen harajin saye da sayarwa da ake biyan masu ƙaramin ƙarfi duk bayan wata uku yana da tasa ƙa'idar: ana iya riƙe shi domin cike kuɗin aikin wakili, amma idan abin da aka tara ya isa biyan wannan har masu bin bashi za su samu wani abu, ana mayar wa mai shi. Mazauna Kebek kuma su tuna cewa suna cike takarda ta daban ga hukumar harajin lardinsu.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne gyaran takardun shekarun baya. CRA tana karɓar buƙatar gyara har zuwa shekara 10 baya, kuma yakan faru a amince wa mutum da rangwamen naƙasa, nasa ko na ɗansa, a lissafa masa shekaru da dama a dunƙule. Idan wasu daga cikin shekarun nan sun faɗo kafin karayar arzikin ko cikin shekararta, kasonsu na masu bin bashi ne, ko da an daɗe da sallamar mutumin, domin haƙƙin karɓar kuɗin yana nan tun lokacin, ganowa ce kawai ta zo a makare. Idan irin wannan kuɗin ya shigo asusunka kai tsaye, shawarata ita ce ka sanar da wakili kafin ka kashe ko kwabo. Ɗan kasuwa kuma ya sani cewa asarar da ya tara a shekarun baya, wadda a da zai iya amfani da ita ya rage harajin shekaru masu zuwa, tana shafewa idan aka sallame shi. Ƙarin abu guda: masu aikin sa kai da ke cike wa jama'a takardun haraji kyauta a masallatai da cibiyoyin unguwa ba sa karɓar takardar shekarar karayar arziki, don haka kada a ɓata lokaci a layinsu, a koma wa wakili.

Batun cin bashi ya kasu kashi biyu, abin da doka ta ce da abin da masu ba da bashi suke yi, kuma cakuɗa su ne ke rikita mutane. Kafin sallama, sashe na 199 na dokar karayar arziki ya mayar da shi laifi mutum ya karɓi bashin da jimillarsa ta kai dala 1,000 ko fiye ba tare da ya shaida wa mai ba shi cewa yana cikin karayar arziki ba, kuma hukuncin yana iya kai wa tarar dala 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. Dokar ba ta ce banki kaɗai ba, ta ce kowane mutum, saboda haka rancen da aka karɓa daga hannun aboki ko ɗan gari yana ciki. Wannan wuri ne da nake son mutanenmu su kula da shi, domin mun saba rufa wa juna asiri da rance ba tare da takarda ba, kuma kunya takan hana mutum faɗin halin da yake ciki. Bayan sallama wannan wajibcin ya faɗi. Babu wa'adin da doka ta ce sai ka jira kafin ka nemi bashi, babu adadin da ta iyakance maka, kuma ba dole ba ne ka fara sanar da kowa. Sai dai idan takardar neman bashi ta tambaye ka ko ka taɓa shiga karayar arziki, to gaskiya ce amsar, domin bashin da aka samu ta hanyar ƙarya yana cikin waɗanda sashe na 178 ya ce sallama ba ta sauke su, kuma bayanan ofishin mai sa ido a buɗe suke ga duk wanda ya biya ɗan kuɗin bincike.

Masu ba da bashi kuwa da kundin tarihin bashi suke aiki, wanda kamfanonin Equifax da TransUnion ke ajiyewa. Karayar arziki ta farko tana zama a kundin Equifax shekara 6 daga ranar sallama, a na TransUnion kuma shekara 6 ko 7 gwargwadon lardi, Ontariyo tana cikin masu 7. Ta biyu tana zama shekara 14. A lura cewa daga ranar sallama ake fara ƙirge, wanda ke nufin duk wanda ya yi sakaci da zaman nasiha ko bayanin wata-wata har sallamarsa ta jinkirta, ya ƙara wa kansa tsawon jira ne. Na ga waɗanda suka shekara da shekaru suna zaton sun fita, alhali takardarsu tana nan a rataye saboda wani ɗan sharaɗi da ba su cika ba. Abu na farko da ya dace a yi bayan sallama shi ne a nemi kundin daga kamfanonin biyu, kyauta ake bayarwa, a bi shi layi-layi. Yakan faru a ga wani tsohon bashi da aka sauke yana nan ana nuna shi kamar ana bin sa har yanzu, kuma kwafin takardar sallama ne ke gyara wannan.

Hanyar da aka fi bi wajen sake gina suna ita ce katin bashi na ajiya, inda mutum zai ajiye wasu ɗaruruwan daloli a matsayin jingina a ba shi kati mai iyaka daidai da su. A sa masa ƙaramin abu da dama ana biya kowane wata, kamar kuɗin waya, a biya shi duka kafin ranar da aka ɗiba. Wanda ya biya duka a kan lokaci ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayyarsa, kuma wannan yana da muhimmanci ga musulmin da ke gudun riba, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ribar tun asali, kuma kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne tayin da ke fara zuwa ta akwatin wasiƙa da waya jim kaɗan bayan sallama, na bashin mota da rancen kafin albashi, masu cewa ba ruwansu da tarihinka. Daga 1 ga Janairun 2025 an sauke iyakar kuɗin ruwan da doka ta yarda da shi zuwa kashi 35 cikin ɗari a shekara, an kuma ƙayyade rancen kafin albashi daban, a kan dala 14 a kowace dala 100. Dala 14 a mako biyu, idan aka lissafa ta a shekara, ta haura kashi 300 cikin ɗari. Masu wannan tayin sun san cewa wanda aka sallama ba shi da wasu basussukan da za su yi gogayya da nasu, sun kuma san cewa komawa karo na biyu ta fi tsanani, shi ya sa suke rububinsa. Bashin gida yana buƙatar haƙuri fiye da haka: manyan bankuna galibi suna son ganin shekara 2 bayan sallama tare da sabon tarihin biya mai tsabta, musamman idan kuɗin da za a fara ajiyewa bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, inda dole sai an yi wa bashin inshora.

Kafin a fara lissafin sabon bashi, a tabbatar da abin da ya rage na tsohon. Kuɗin ciyar da 'ya'ya da matar da aka rabu da ita, da tarar kotu, da bashin karatu na gwamnati idan ba a cika shekara 7 da barin makaranta ba, duk suna nan bayan sallama. Wanda ya tsaya maka ya sa hannu a kan bashi shi ma bai kuɓuta ba, bankin zai koma kansa da cikakken adadin, kuma wannan ya raba zumunci a gidaje da dama. Wanda bashin harajinsa ya kai dala 200,000 kuma ya zama kashi 75 cikin ɗari ko fiye na basussukan da ba su da jingina, ba ya samun sallama kai tsaye, sai ya bayyana a gaban kotu.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban ga abin kunya ba ga wanda ciwo ko rasa aiki ko rushewar sana'a ya kai shi ga neman wannan mafita, tunda Alƙur'ani da kansa, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Amma da yawa daga cikinmu zuciyarsu ba ta kwanciya da cewa takardar hukuma ta sauke musu haƙƙin wani, musamman idan mai haƙƙin ɗan'uwa ne ko abokin adashe. Dokar Kanada ba ta hana ka biyan wanda ka ga dama bayan sallama ba, daga kuɗinka, bisa raɗin kanka. Abin da ta hana shi ne fifita wani kafin a shiga: biyan da aka yi wa dangi na kusa cikin wata 12 kafin karayar arziki, wakili yana iya neman a dawo da shi. Dole ne kuma a bayyana duk masu bin bashi da duk dukiya a duk inda take, har da filin da ke Kano ko Maraɗi, domin dokar ba ta tsaya a iyakar Kanada ba wajen ƙirga abin da mutum ya mallaka. Wanda ya ɓoye yana jefa sallamarsa cikin haɗari, kuma kotu tana da ikon soke ta idan aka gano an same ta da yaudara.

Ga wanda ke shirin kawo matarsa ko iyayensa, ranar sallama tana da wani nauyi na daban, domin ƙa'idojin shige da fice sun hana wanda ba a sallama daga karayar arziki ba ya ɗauki nauyin shigo da iyalinsa, kamar yadda dokar kamfanoni ta tarayya ta hana shi zama darakta. Duka biyun suna faɗuwa da zarar an sallame shi. Wanda bai shiga ba tukuna, kuma waɗannan abubuwa ko rarar harajinsa suna da girma a wurinsa, ya tambayi wakili game da yarjejeniyar sulhu da masu bin bashi, wadda ake yi idan basussukan ba su wuce dala 250,000 ba, ban da na gidan da yake zaune, ana biyan wani kaso cikin wa'adin da bai wuce shekara 5 ba. A ƙarƙashinta dukiyar mutum tana zama a hannunsa, rarar harajin shekarun da ke tafe ma tasa ce, sai dai idan CRA tana cikin masu bin sa, za ta iya cire nata daga rarar lokacin da ya gabaci yarjejeniyar.